Wake, Ƙwai, Kifi ko Nama: Wanne Ya Fi Cancantar Ragowar Kuɗin Cefane?

Ranar wata Talata ƙanwata da ke aure a Rigasa ta kira ni daga tsakiyar kasuwar Kawo, hayaniyar masu baro har tana danne muryarta. Ta riga ta auni masara da shinkafa, ta sayi manja da kayan miya, kuma abin da ya rage a jakarta ba zai ɗauki kiret ɗin ƙwai da kilon nama a tare ba. Ta ce, "Yaya, wanne zan ɗauka? Kin ga yaron nan ya fara cin abinci, ni kuma an ce jinina ya yi ƙasa." Na tambaye ta ko akwai wake a gida. Ta ɗan yi shiru, sannan ta ce ita fa maganar abinci mai gina jiki take yi.

Da yawanmu haka muke. Idan an ce gina jiki, tsoka muke hangowa, wake kuwa abin da ake dafawa ne idan wata ya yi nisa. Waɗanda suka ɗan karanta kuma sai su tafi can ɗaya gefen, su ce ai waken suya ya maye gurbin nama kwata-kwata. Kowannensu ya kama wani ɓangare na gaskiya ya saki wani.

Abin da jiki ke nema, da inda giɓin yake

Abubuwan da jiki ke buƙata rukuni shida ne: sitaci mai ba da kuzari, maiƙo, furotin, bitamin, ma'adinai, sai ruwa. A gidan da ake ɗora tukunya, na farko ba ya yankewa, don tuwo da shinkafa da gurasa da dankali duk shi ne. Maiƙo ma akwai shi a manja da man gyaɗa. Gishirin leda da muke saya an saka masa aidin, kuma doka ta tilasta ƙara bitamin A a sukari da fulawa da man girki na kamfani. Giɓin da ya saura yana wurin mahaɗi ne, wato abin da ake jefawa a miya ko a ci tare da hatsi, domin ta nan furotin mai kyau yake shigowa, tare da sinadarin ƙarfe da ke yin jini, da zink, da kalsiyam na ƙashi, da bitamin B12.

Babban mutum mai lafiya yana buƙatar kimanin giram 0.8 na furotin a kowace rana kan kowane kilo na nauyinsa. Mai kilo 60 ke nan yana neman kusan giram 48, mai kilo 70 kuma 56. Yaro ɗan shekara 1 zuwa 3 giram 13 ya ishe shi. Mai ciki da mai shayarwa sun fi kowa, suna kaiwa wajen 70. Hatsin ma ba fanko ba ne: a kowane giram 100 na masara akwai kusan 9, gero da dawa sun ɗan ɗara haka. Sai dai furotin kamar gini yake, da tubala iri 20 ake yin sa, 9 daga ciki jiki ba ya iya ƙera su da kansa. Hatsi ya gaza a ɗaya daga cikinsu da ake kira laisin, wake kuwa yana da shi a wadace. Wake ya ɗan gaza a wani mai suna metiyonin, hatsi yana da shi. Wanda ya fara haɗa koko da ƙosai, ko garau-garau, bai shiga aji ba amma ya yi daidai. Ba dole ne ma a kwano ɗaya ba, a wuni ɗaya ya wadatar.

Ƙidayar lafiya ta ƙasa ta 2018 ta nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, kuma kashi 58 na mata 'yan shekara 15 zuwa 49 suna da ƙarancin jini. Galibin waɗannan matan ba da yunwa suke kwana ba. Ciki ya cika, jini bai cika ba.

Ma'aunan da na yi amfani da su

Na farko yawan furotin da ingancinsa. Na biyu, kuma a wurina ya fi na farkon nauyi, me abincin ya zo da shi bayan furotin. Na uku tsada. Na huɗu kwana nawa zai yi a gidan da wuta ke zuwa lokacin da ta ga dama. Na biyar wahalar girki, har da gas ko gawayin da zai ci. Na ƙarshe haɗari.

Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 farashi ba ya zama wuri ɗaya, don haka abin da zai yi muku amfani a kasuwa shi ne alƙaluman da ba sa canzawa. Kilo ɗaya na busasshen wake yana ɗauke da furotin kusan giram 230. Kiret ɗin ƙwai mai guda 30 yana da kusan 180. Kilon tsoka zalla kusan 200, kuma mahauci ba ya ba da tsoka zalla. A tambayi kuɗin kowanne a yau, a raba da wannan adadin, amsar za ta fito da kanta.

Wake

Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wannan waken namu, kuma cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ta daɗe tana fitar da irinsa masu suna SAMPEA. A wajen tsada yana sahun masu sauƙi, musamman in an saya da kaka a kasuwannin hatsi irin su Saminaka, Pambeguwa, Giwa ko Maƙarfi, kafin ya shigo gari a ɗora masa kuɗin mota. Bayan furotin yana da sinadarin ƙarfe, da folet wanda mai ciki ke matuƙar buƙata a makonnin farko, kuma ɓawonsa yana gyara bayan gida, yana hana sukari hauhawa a jini da sauri.

Amma ƙarfen da ke cikin tsiro jiki ba ya zuƙarsa da kyau kamar na nama. Akwai wani sinadari a wake da hatsi da ke riƙe shi. Abu biyu ke sassauta wannan. Ɗaya a jiƙa waken ya kwana a zubar da ruwan, wanda kuma ke rage kumburin ciki da lokacin dahuwa. Ɗayan a ci shi da abu mai bitamin C: ɗanyen tumatir da tattasai a kan garau-garau, lemon zaƙi, gwaba, mangwaro. Shayi kuwa akasin haka yake yi, yana toshe zuƙar ƙarfen. Mai ƙarancin jini da ke kora alale da baƙin shayi tana zuba ruwa a kwando ne. A bar tazarar awa ɗaya ko fi.

Sai maganar kanwa. Na san me ya sa muke jefa ta, gas ba ruwan famfo ba ne. Sai dai tana lalata wasu bitamin na rukunin B, kuma tana ɗauke da gishiri mai yawa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa a lokacin jego da ciwon zuciyar da ke kama masu haihuwa. Jiƙon dare yana yin rabin aikin da kanwa ke yi.

Ajiya ita ce inda gizo ke saƙar. Wake yana iya shekara, idan ƙwari suka ƙyale shi, kuma ba sa ƙyalewa. Shi ya sa wasu 'yan kasuwa ke barbaɗa masa maganin ƙwari irin fiya-fiya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda ragowar irin wannan maganin. Ni da kaina na taɓa auno wake fari tas, babu huji ko ɗaya a tsakiyar damina, ina murna. Da na buɗe ledar a gida sai wani wari mai hawa kai ya buge ni. Kaji ma ban ba su ba. Tun daga ranar nake cusa hannu cikin buhu in shinshina kafin a auna, kuma waken da na ga ƙwaro ɗaya ko biyu na yawo a kansa ya fi kwanta mini a rai. A gida kuwa babu buƙatar magani: a shanya shi ya bushe ƙayau, a cika jarka mai murfi har baki a toshe, ko a sa a buhun PICS mai leda biyu a ciki. Rashin iska ke kashe ƙwarin.

Abin da wake ba shi da shi sam: bitamin B12.

Waken suya

Idan giram na furotin za a ƙirga, da wuya a sami tsiron da ya kamo shi: kusan 360 a kilo, kuma tubalansa sun kusa cika kamar na dabba. Yana da mai a jikinsa, abin da yaro marar ƙiba ke buƙata. Jiharmu ta Kaduna tana noma shi sosai, kodayake masu haɗa abincin kaji da kamfanonin mai suna rububinsa, shi ya sa kuɗinsa ke tashi wani lokacin. Duk da haka, in aka raba kuɗi da giram, da wuya a sami wanda ya fi shi sauƙi. Ƙwari ma ba su cika damunsa kamar wake ba.

Matsalarsa aiki. Ba a dafa shi kamar wake a ci da manja. Ɗanyensa yana da sinadarin da ke hana jiki narkar da furotin, sai ya ji wuta sosai yake mutuwa. Mai awara za ta jiƙa, ta kai niƙa, ta tace, ta tafasa, ta zuba ruwan tsami, ta matse a ƙyalle, ta yanka, ta soya. Wuni guda ne, kuma awarar ba ta kwana biyu a zafin Kaduna ba tare da firji ba. Madararsa ma haka.

Hanyar da na ga ta fi wa mai iyali sauƙi ita ce gari. A tsince, a soya shi a kasko ba mai har ya yi ja ya yi ƙamshi, a ɓarza a fece ɓawon, a niƙa. Wannan garin yana yin makonni a mazubi mai murfi. A zuba cokali biyu a kunu, a ɗaure miyar kuka ko kuɓewa da shi, a haɗa da garin tuwo. Idan aka haɗa shi da gero ko dawa da gyaɗa, shi ne garin kunun yaran nan da ake kira tom burawun.

Akwai jita-jitar cewa yana rage wa maza ƙarfi. Binciken da aka tattara bai nuna cin sa daidai misali yana taɓa sinadarin mazakuta ba. Maigidana ya daɗe yana ture awara saboda wannan zancen, har ranar da aka soya ta da ƙwai da attaruhu, ya cinye bai tambayi sunanta ba.

Gyaɗa da ƙuli-ƙuli

Gyaɗa tana da kusan giram 250 a kilo, kuma kusan rabin nauyinta mai ne. Ga wanda ke son ƙiba ko yaron da ya rame wannan alheri ne. Abincin ledar nan da ake ba yara masu tamowa a asibiti, tushensa markaɗaɗɗiyar gyaɗa ce da madarar gari da mai da sukari. Ƙuli ya fi gyaɗar kanta furotin tunda an matse man, ba ya buƙatar wuta, yana daɗewa, kuma kwaɗon zogale ko rama da ƙuli abinci ne da ba na raina shi ko kaɗan.

Haɗarinta kuwa ya fi na wake ɓoyuwa. Gyaɗar da ta sha danshi tana yin fumfuna mai fitar da guba da ake kira afulatoksin, wadda ke cin hanta a hankali har ta kai ga kansa, kuma tana da hannu a tsumburewar yara. Suya ba ta kashe ta, tafasa ba ta kashe ta. Ƙwayar da ta yamushe, ta yi baƙi ko ta yi ɗaci, a zubar, kada a ce asara. A nan karin maganar wake ɗaya shi ke ɓata gari ta fi dacewa da gyaɗa. Damuwata da ƙulin kasuwa ita ce ba a ganin irin gyaɗar da aka yi shi da ita, kuma gubar a tunkuza take zama idan an matse mai. A sayi na wadda aka sani, ko a tsince gyaɗa a gida a kai niƙa. Masara ma tana kamuwa da wannan fumfunar. Cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan ta samar da wani magani mai suna Aflasafe da manoma ke watsawa a gona don rage ta.

Ƙaramin yaro kada a ba shi ƙwayar gyaɗa guda, tana sarƙewa a maƙogwaro. A ba shi a kunu.

Ƙwai

Guda ɗaya yana da furotin giram 6, wato kusan rabin abin da ɗan shekara 2 ke nema a wuni. Ingancinsa kuwa har ana auna sauran abinci da shi. Yana da B12, bitamin A da D, da kolin mai taimakon ƙwaƙwalwa, kuma kusan duk waɗannan a gwaiduwa suke. Minti 10 a ruwan zafi ya gama. Babu ƙashi, babu tsoka babba da ƙarama, kowa ɗaya ɗaya, don haka rabonsa ba ya jawo gunaguni. Yana yin mako biyu a inuwa, ƙasa da haka a zafin Maris da Afrilu. Kada a wanke shi kafin ajiya, akwai wani siririn rufi a ɓawon da ke tare ƙwayoyin cuta. In ana shakka a jefa shi a ruwa, wanda ya taso sama ya tsufa.

Ya fi wake tsada nesa ba kusa ba, kuma kuɗinsa yana bin na masara da waken suya tunda su kaji ke ci. Mai fili a tsakar gida zai iya ajiye 'yan kaji. Cibiyar binciken dabbobi ta Shika ta fitar da irin kajin ƙwai mai suna Shika Brown da ya saba da yanayinmu. Masu tsoron murar tsuntsaye suna da dalili, don a Jaji ta fara ɓulla a nahiyar Afirka a 2006, amma dahuwa sosai tana kashe ƙwayar cutar. Abin gudu shi ne ɗanyen ƙwai da wasu ke kaɗawa a madara ko lemon kwalba da sunan ƙarin jini. Ba ya ƙara komai sai haɗarin gudawa.

Kuma ƙwai ba maganin ƙarancin jini ba ne, ƙarfen da ke cikinsa kaɗan ne. Zancen cewa yaron da ya saba cin ƙwai zai yi sata kuwa, ina zargin wani babba ne ya ƙirƙiro shi don kada a raba da shi.

Kifi

Kifi iri uku ne a wajen mai cefane, kuma lissafinsu ya bambanta.

Na ƙanƙara, irin su shawa da titus, yana da mai na musamman mai amfani ga zuciya da ƙwaƙwalwar jariri, ga B12 da bitamin D. Shawa ta fi sauƙin kuɗi, ƙaya ce matsalarta. Amma rayuwarsa a hannun wuta take. Shekarar da taransifomar layinmu ta ƙone na yi asarar rabin katan cikin kwana biyu. Wanda ya narke aka sake daskarar da shi yana iya sa ƙaiƙayi da amai ko an soya shi. A duba ido da cikin kunnen kifin, a danna tsokar, in ta lotsa ba ta taso ba a wuce.

Ɗanyen tarwaɗa ko karfasa abin ranar ne, a saya a dafa, kuma tarwaɗar kiwo tana bin tsadar abincinta.

Busasshe shi ne nake ganin an fi rainawa alhali ya fi dacewa da gidan da babu firji. Idan ya bushe sosai furotin ɗinsa yana haura giram 500 a kilo. Kilon yana da tsada, amma wa ke zuba kilo a miya? 'Yan ƙananan da ake ci har ƙaya da kai sun fi manyan banda amfani, domin a ƙayar kalsiyam yake. A daka su da kirefish a yi gari, cokali ɗaya a faten yaro ko miyar kuka ya canza lissafin kwanon gaba ɗaya. Shi ma wasu suna fesa masa maganin ƙwari. Tiren bandar da ƙuda ko ɗaya bai sauka a kansa ba a tsakiyar kasuwa abin tambaya ne. A wanke da ruwan zafi kafin a zuba a tukunya.

Nama da hanta

A wajen ƙarfe da zink babu kamarsa, kuma irin ƙarfen da jiki ke zuƙa cikin sauƙi ne. Har ma ɗan nama kaɗan a cikin wake yana taimaka wa jiki ya zuƙi na waken. Amma shi ya fi kowanne tsada a kan giram, musamman in aka cire ƙashi da kitse da jijiya daga abin da aka auna. Ba ya kwana sai an soya ko an yi dambu. A gidaje da yawa kuma rabonsa juye yake: manyan tsokoki a kwanon maigida, yaro ya samu romo, mai ciki ta ce ita ba ta jin ci.

Idan kuɗin nama kaɗan ne, a kai su wajen hanta. Ba ta da ƙashi, ta fi tsoka ƙarfe, kuma bitamin A da B12 da folet a cikinta sun ninka na tsoka sau da yawa. Yanka biyu sau ɗaya a mako sun isa. Bitamin A ɗinta ya yi yawan da mai ƙaramin ciki bai kamata ta riƙa ci a kai a kai ba, don yawansa na iya cutar da ɗan tayi. Ta yi shawara a wajen awo.

Ganda kuwa daɗin tauna ce kawai. Furotin ɗinta ba cikakke ba ne, ƙarfe babu, kuma wadda aka babbaka da taya ba abin ci ba ce. Kuɗin ganda gara a sayi ƙwai biyu.

Nono da madara

Lita ɗaya giram 33 ne kacal, don haka ba don furotin ake sayensu ba, don kalsiyam da B12 ne. Kindirmo ya fi nonon da aka cire wa mai aka tsinka da ruwa. Madarar da ba a tafasa ba tana iya ɗauko tarin fuka na shanu da cutar bakkale mai sa shanu ɓari, mutane kuma zazzaɓi. Ta gari kuma a karanta jikin ledar, da yawa an cire man shanun an maye da man tsiro, wasu ma ba madara ba ne, abin faranta shayi ne. Jariri ɗan ƙasa da wata 6 babu ruwansa da duk wannan, nonon uwa kaɗai.

| Abinci | Furotin | Tsada | Ajiya babu wuta | Aiki | Abin lura |
|---|---|---|---|---|---|
| Wake | 230 a kilo | Sauƙi | Watanni a jarka | Yana cin wuta | Maganin ƙwari, babu B12 |
| Waken suya | 360 a kilo | Ya fi sauƙi | Watanni. Garinsa makonni | Mai yawa | Dole ya ji wuta, babu B12 |
| Gyaɗa | 250 a kilo | Matsakaici | Watanni in ta bushe | Kaɗan | Gubar fumfuna |
| Ƙwai | 6 a guda | Da tsada | Kusan mako 2 | Minti 10 | Ƙarfe kaɗan |
| Kifin ƙanƙara | Kusan 190 a kilon tsoka | Da tsada | Wuni ɗaya | Kaɗan | Narkewa da sake daskarewa |
| Busasshen kifi | Sama da 500 a kilo | Kaɗan ke isa | Makonni | Kaɗan | Maganin ƙwari |
| Nama | 200 a kilon tsoka | Ya fi tsada | Sai an soya | Matsakaici | Ƙashi da kitse a awo |
| Nono | 33 a lita | Matsakaici | Kwana 1 zuwa 2 | Babu | Rashin tafasawa, gauraye |

Wa ya dace da me

Gida mai yara da yawa da albashi ɗaya: wake ya zama ginshiƙi, a saya da kaka a cika jarka, garin waken suya ya shiga kunu da miya, sannan a ware ɗan kuɗi kowane mako na ƙananan busassun kifi. Wannan ɗan kifin ne ke toshe ƙofar da tsiro ya bari a buɗe. Kada a tara kuɗin mako huɗu don a yi miyar nama sau ɗaya a wata.

Yaro daga wata 6 zuwa shekara 2: cikinsa ƙarami ne, ba zai iya cin waken da zai ishe shi ba, koko tsararo kuwa ruwa ne mai ɗumi. Nasa ƙwai ne, kullum in da hali, in babu sau uku ko huɗu a mako, da kunu mai kauri na hatsi da waken suya da gyaɗa, da garin kifi, da ɗan dakakken hanta jefi-jefi. Idan ƙwai ɗaya ne a gidan, nasa ne.

Mai ciki ko wadda aka ce jininta ya yi ƙasa: nama ko kifi ko da kaɗan ne, wake da ganye tare da lemo, shayi can nesa da abinci. Ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa a wajen awo abinci ba ya maye gurbinsu, don buƙatar mai ciki ta kai miligiram 27 na ƙarfe a rana, da wuya kwano ya kawo wannan. Mai sikila kuwa kada ya sha maganin ƙarfe sai likita ya ce.

Ɗalibi ko gwauro mai risho ɗaya a ɗaki: ƙwai, gyaɗa mai kyau, awara da ƙosai daga hannun mai tsafta. Indomi da ƙwai ɗaya ya fi indomi biyu babu komai.

Mai ciwon sukari ko hawan jini: wake da kifi a gaba, nama mai kitse da kilishi da yajin tsire a baya, kanwa a ajiye ta. Tsoho marar haƙora: alale, ƙwai, kindirmo, kifi mai laushi, domin tsufa yana zaizaye tsoka kuma jikinsa ba ya zuƙar B12 kamar da. Mai ciwon ƙoda kuwa wannan lissafin bai shafe shi ba, nasa awon likita ke yanke shi.

Ƙanwata dai ba ta sayi kiret ba, ba ta sayi kilo ba. Ta ɗauki rabin kiret na yaron, ta sa aka yanko mata hanta kaɗan tunda ba ciki gare ta ba, ta auni wake, canjin ta sayi ƙullin ƙananan kifi. Da dare ta sake kira tana tambayar yadda ake soya waken suya kada ya ƙone. Na ce wuta kaɗan, hannu kada ya tsaya, kuma ta buɗe taga.